Kunun Ots Da Dabino: Baƙo Daga Indiya, Ɗan'uwan Kunun Gyaɗa

Duk wanda ya fito bayan sallar asuba a Agoè-Zongo ya san yadda karin kumallon yaranmu yake: mai koko da ƙosai tana gefe guda, mai shayi yana ɗaya gefen da burodinsa da gwangwanin madararsa, yara kuma suna tsaye da jakunkunan makaranta suna jiran a sallame su. Tun da aka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar birnin Lome a 1977, aka maido jama'a nan arewacin gari, hanya ta yi wa mutane nisa. Uba zai kama hanyar Babbar Kasuwa ko tashar jiragen ruwa, uwa tana da nata cinikin, saboda haka abin da ya fi sauri shi ake miƙa wa yaro. Abin da ya fi saurin kuwa galibi ruwan zafi ne da aka tsiyaya wa madara mai sukari, da gutsuren farin burodi. Wannan yana toshe baki, amma ba ya riƙe ciki, kuma malaman aji sun san yaron da ya karya da shi, domin kafin hantsi ya fara hamma.

Dalilin da ya sa ke nan muka ga ya dace mu gabatar da wani kunu da ake yi da ots da dabino da gyaɗa bisa salon girkin mutanen Indiya. Ots shi ne hatsin nan da Faransawa ke kira avoine, wanda a kasuwanninmu aka fi sani da sunan kamfanin Quaker, ko da kuwa wani kamfani ne ya yi shi. Hatsi ne na ƙasashen sanyi, Rasha da Kanada ne kan gaba wajen noma shi. Kafin ya iso gare mu an riga an turara shi an murje shi ya yi fale-fale, shi ya sa yake dahuwa cikin 'yan mintoci.

A Indiyar ma baƙo ne. Abin da kakanninsu suka sani shi ne kir, wato shinkafar da ake dafawa a cikin madara har ta narke, da daliya, wato ɓarzajjen alkama da ake karya kumallo da shi. Musulmin Indiya da Pakistan da Afganistan kuma suna da shir kurma, abincin safiyar ƙaramar salla, wanda ake yi da siririyar taliya da madara da dabino. Sunan na Farisanci ne, ma'anarsa madara da dabino. Da ots ya shiga kasuwanninsu, sai matan can suka ɗora shi a kan wannan tsohon tsari: a soya hatsin a man shanu, a dafa shi a madara a kan wuta marar ƙarfi, a sa kayan ƙamshi, a ƙarasa da dabino da 'ya'yan itatuwa masu mai.

Uwargidan da ta iya kunun gyaɗa, da ta ji wannan bayani za ta ce ai ɗan gida ne, kuma gaskiyarta. Man da suke kira gi, man shanunmu ne soyayye. Masu ilimin hadisi kuma za su tuna da talbina, kunun garin sha'ir da ake sa wa madara ko zuma, wanda ya zo a cikin Sahihul Bukhari cewa Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, takan sa a dama wa marar lafiya da wanda aka yi wa rashi. Abin sha'awa, sha'ir da ots ne hatsi biyu da suka fi kowane yawan wani sinadari mai yauƙi da masana ke kira beta-gulukan. Shi ne yake sa kunun ya yi kauri da santsi ko ba a zuba masa komai ba, shi ne kuma yake sa abincin ya daɗe a ciki, sukarinsa ya shiga jini a hankali. Tun a 1997 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a rubuta a jikin kwalin ots cewa cin giram 3 na wannan sinadari a kullum, tare da rage maiƙo, yana taimakawa wajen rage haɗarin ciwon zuciya.

To, ga yadda ake yi wa mutum huɗu. Tun da dare a cire ƙwallon dabino 8, a duba cikinsu saboda ƙwari, a jiƙa su a kofin ruwa ɗaya. Busasshen dabinon da ke zuwa mana daga Nijar da Aljeriya ya fi dacewa da wannan aiki, ga shi kuma ya fi sauƙin kuɗi. Mai laushin da alhazai ke kawowa tsaraba daga Madina a bar wa buɗa baki. Da safe a ɗora tukunya, a sa cokali ɗaya na man shanu, a soya tafin hannu ɗaya na gyaɗa ko yazawa har ta yi ja, a kwashe. A cikin ragowar man a zuba ots kofi 2, a juya minti biyu ko uku har ƙamshi ya tashi. Wannan suyar ita ce bambancin kunun Indiya da ots ɗin da ake kwarara wa ruwan zafi a asibiti, wanda da yawa daga cikinmu suka sha sau ɗaya suka ce sun tuba.

Daga nan a zuba ruwa kofi 3 haɗe da ruwan da aka jiƙa dabinon, a sa ɗan gishiri. A daka rabin dabinon ya zama kamar ƙuli, a saka shi tun yanzu domin ya narke a cikin kunun. Idan ya tafasa a rage wuta, a zuba madara kofi 2, a riƙa juyawa da muciya ba tare da an bar wurin ba, kamar minti biyar zuwa bakwai. Juyawar nan ita ke fito da yauƙin hatsin, ita kuma ke hana shi kamu. Kayan ƙamshinsa na asali shi ne hel, ƙwayar nan mai koren ɓawo da Larabawa ke sa wa gahawa, Faransawa na kiranta cardamome. Ƙwaya 3 aka fasa sun isa. Ana samunta a kantunan Indiyawa da Labanawa na cikin gari, in kuwa ba a samu ba, girfa da kanumfari biyu da ɗan citta ba su gaza ba. A sauke shi da ɗan ruwa-ruwa, domin yana ƙara kauri idan ya huce, sannan a yayyanka sauran dabinon a watsa a kai tare da soyayyiyar gyaɗar.

Mai karatu zai lura ba mu ambaci sukari ba, ba kuma mantuwa muka yi ba. A nan ne ma muke so iyayenmu mata su tsaya su duba. Madarar gwangwani mai kauri, wadda masu shayi ke tsiyayawa, fiye da rabin nauyinta sukari ne. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da jiki ke buƙata a yini, wato kimanin ƙananan cokula 12 ga babban mutum, na yaro kuwa bai kai haka ba. Kofin shayi guda da aka cika wa hannu yana iya cinye rabin wannan kaso tun rana ba ta fito ba. Garin madara mai araha kuma, wanda ake ƙullawa a leda, da yawansa an cire masa mansa na asali an musanya da man itatuwa. Wanda ya karanta jikin buhun zai ga an rubuta matière grasse végétale. A ganina gara uwargida ta koma ga abin da ta gada: ta niƙa ɗanyar gyaɗa ta tace, kamar za ta yi kunun gyaɗa, ta sa ruwanta a madadin madara. Ruwan aya ko na kwakwa, wadda Allah Ya wadata gaɓar tekunmu da ita, su ma suna yi. Sai dai ruwan gyaɗa yana son a tafasa shi sosai kafin a zuba ots, domin gafinsa ya fita.

Kada kuma a ɗauka dabino ba shi da nasa hisabin. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyin busasshen dabino sukari ne, illa dai ya zo da harza da ma'adanai waɗanda farin sukari ba shi da su. Guda biyu ga kowane mutum sun isa. Dattijon da ke fama da ciwon sukari, musamman mai niyyar yin sahur da wannan kunu, ya tambayi likitansa, kuma a ɗibar masa nasa kafin a watsa dabinon sama.

Gyaɗa ma tana buƙatar ido. Lome gari ne mai laima, gyaɗar da ta kwana biyu a buhu tana yin fumfuna, fumfunar kuma tana haifar da wata guba mai suna afulatoksin, wadda ke lalata hanta har ta kai ga ciwon daji. An gano ta ne bayan talo-talo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin tunkuzar gyaɗa. Suya ba ta kashe ta, tafasa ma haka. Maganinta tsinta: a baza gyaɗar a faifai, a fitar da duk wadda ta yamushe, ko ta canza launi, ko take ɗaci, a zubar, kada a ba kaji. Yaron da bai kai shekara biyar ba a daka masa gyaɗar ta yi laushi, domin ƙwayar tana iya shaƙe shi, jaririn da bai cika shekara ba kuma kada a sa masa zuma.

Yazawa ta fi gyaɗa daɗi a wannan kunu, sai dai tsada, abin mamaki kuwa a ƙasarmu ake noma ta, a wajajen Sokode da Camba. Mafi yawanta ɗanya ake lodawa a tashar Lome zuwa Indiya da Biyetnam, a can ake fasa ta.

Gidan da kwalin ots ya yi wa nauyi, tsarin bai canza ba. Ɓarzajjen alkama yana yi, shi ne ma daliyar Indiyawa ta asali, sai dai yana son jiƙo da doguwar dahuwa. Accar da ake nomawa a ƙasar Akposso, yamma da Atakpame, ita ma tana yi, kuma tana dahuwa da wuri, in dai an rege ta da kyau saboda tsakuwa. Wanda ya sayi ots kuwa ya juye shi a kwalba mai murfi da zarar ya buɗe kwalin, domin laimar damina da ƙwari ba sa ɗaga masa ƙafa.