Idan Banki Ya Sauya Tambarin da ke Jikin Katinka

A kusurwar kowane katin cirar kuɗi akwai wani ɗan tambari da mutane ba su cika kula da shi ba. A wani katin an rubuta Visa, a wani kuma da'ira biyu ce, ja da ruwan ɗorawa, sun shiga juna, alamar Mastercard ke nan, a wani kuwa Verve za ka gani. Sunan banki da ke jikin katin yana gaya maka inda kuɗinka yake ajiye. Shi kuwa ɗan tambarin yana nuna kamfanin da saƙon biyan kuɗi zai bi ta hannunsa, da kuma dokokin da za a bi kafin a ce an biya. Idan asusunka rumbu ne, to wannan kamfani shi ne hanyar da ke kai hatsin kasuwa. Hatsi na iya cika rumbu maƙil, amma in hanyar ba ta kai kasuwar da kake so ba, ba ka da abin ciniki a ranar.

Dubi abin da ke faruwa a gaban mai POS da ke zaune ƙarƙashin lema a bakin kasuwa. Ka miƙa masa kati, ya zura shi a na'ura, ya danna adadin kuɗi, ya juyo maka da ita, ka kare da tafin hannu ka sa lambar sirri. A cikin 'yan daƙiƙoƙin da kuke jira ku biyun kuna kallon fuskar na'urar, saƙo ya tashi zuwa kamfani ko bankin da ya ba shi na'urar. Can aka duba lambobin farko na katin, domin su ne adireshi: katin Visa da 4 yake farawa, na Mastercard da 51 zuwa 55 ko da 2, na Discover yawanci da 6011 ko 65, na Verve kuma sau da yawa da 5061. Daga waɗannan lambobi aka gane hanyar da za a bi zuwa bankinka, aka tambaye shi ko akwai kuɗi, ya amsa, amsar ta dawo ta inda ta fito, takarda ta fito tana cewa an yi nasara. Visa da Mastercard ba su riƙe kuɗin kowa, kuma ba su ba kowa kati da kansu. Aikinsu haɗa bankuna, kafa ƙa'ida, da karɓar kamasho.

Wannan kamashon shi ne asalin duk wani sauyi. A kowane ciniki da kati, ana yankar wani ɗan kaso daga kuɗin da mai shago zai karɓa. Kaso mafi tsoka na komawa bankin da ya ba da katin, kamfanin hanyar ya ɗauki nasa, wanda ya ba da na'ura ya ɗauki nasa. A ciniki ɗaya abin bai taka kara ya karya ba, amma banki mai miliyoyin katuna yana ganinsa a matsayin babbar hanyar samun kuɗi. Shi ya sa in kwangilar banki da wani kamfanin kati ta kusa ƙarewa, abokan hamayya ke zuwa da tayin ragi da tallafi. A Ingila an ga haka a 'yan shekarun nan, inda Santander da First Direct da NatWest suka ɗauke katunan cirar kuɗinsu daga Visa suka koma Mastercard.

Misalin da ya fi fito da lissafin fili shi ne na bankin Capital One a Amurka. A watan Fabrairun 2024 ya sanar cewa zai sayi kamfanin Discover a kan kimanin dala biliyan 35, aka kammala cinikin a watan Mayun 2025, daga nan ya shiga aika wa masu asusu sabbin katuna masu tambarin Discover a madadin na Mastercard. Me ya sa? Tun 2011 akwai doka a Amurka, wadda ta samo asali daga gyaran da Sanata Dick Durbin ya shigar a dokar Dodd-Frank ta 2010, da ta ƙayyade abin da manyan bankuna masu kadarar dala biliyan 10 zuwa sama za su karɓa a kowane ciniki da katin cirar kuɗi: santi 21, da kashi 0.05 cikin ɗari na kuɗin cinikin, da ƙarin santi 1 don yaƙi da zamba. Amma ƙayyadewar ba ta hau kan tsarin da mai ba da kati shi ne kuma mai hanyar ba. Da Capital One ya mallaki Discover, sai ya zama shi ne bankin, shi ne hanyar. Ya huta da biyan wani kamfani, kuma yana iya karɓar abin da ya fi wanda doka ta ƙayyade wa takwarorinsa. Bankin da kansa ya gaya wa masu hannun jari cewa yana sa ran ribar da ta shafi hanyar kaɗai za ta kai dala biliyan 1.2 a 2027.

To mai asusu fa? Abu na farko da ya kamata ya kwantar masa da hankali shi ne kuɗinsa na nan daram. Lambar asusu ba ta sauyawa. Albashi zai ci gaba da shigowa, tura kuɗi daga asusu zuwa asusu bai shafi kati ba, haka ma duk wani umarnin biya da aka ɗaura a kan lambar asusu.

Abin da ke sauyawa shi ne katin gaba ɗayansa: doguwar lambar da ke jikinsa, ranar ƙarewarsa, da lambobi ukun nan na baya. Dole ne doguwar lambar ta sauya, tunda lambobin farkonta mallakar tsohuwar hanya ce. Nan ne wahalar take, kuma ita ce bankuna ba sa son daɗewa a kanta a cikin sanarwarsu. Duk inda mutum ya taɓa ajiye tsohuwar lambar, ko kuɗin tashoshin talabijin ne da ake cira wata-wata, ko inshora, ko manhajar kiran mota, ko shagon intanet, ko jakar kuɗi ta cikin waya, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya sa sabuwa. Visa da Mastercard suna da tsarin da ke sanar da 'yan kasuwa sabuwar lamba idan kati ya ƙare aka sabunta shi, amma galibi wannan tsari a cikin gida ɗaya yake aiki, ba ya tsallakawa daga wani kamfani zuwa wani. Matashi mai wayar zamani zai gama wannan aiki a zama ɗaya. Dattijon da jikansa ne ya saita masa komai shekaru uku da suka wuce ba zai san an yi sauyi ba sai ranar da aka yanke masa wani abu saboda biya bai shiga ba, wataƙila har da tarar jinkiri. A ganina wannan ba ƙaramin rashin adalci ba ne: banki ya yanke shawara don ribarsa, amma aikin gyara da asarar mantuwa suka faɗa kan wanda ba a yi shawara da shi ba.

Na biyu shi ne inda ake karɓar katin. A cikin Amurka kusan duk shagon da ke karɓar kati yana karɓar Discover, don haka wanda ba ya fita ƙasar ba zai ji wani bambanci sosai ba. A waje labarin daban ne. Visa da Mastercard sun shafe shekaru sama da hamsin suna shimfiɗa hanyoyinsu. Visa ta faro ne a 1958 da sunan BankAmericard, Mastercard kuma a 1966. Discover, wanda kamfanin Sears ya ƙirƙiro a tsakiyar shekarun 1980, ya fi dogaro da Diners Club da ya saya a 2008 da kuma yarjejeniya da kamfanonin katin wasu ƙasashe. Matafiyin da katinsa ke aiki ko'ina a bara zai iya tsayawa a gaban na'urar cirar kuɗi a wata ƙasa bana, ta dawo masa da katin, alhali asusunsa cike yake. Haka kuma farashin canjin da ake lissafa masa in ya yi sayayya da kuɗin waje yana farawa ne daga wanda kamfanin hanyar ya sa, kafin banki ya ɗora nasa. Ƙa'idojin neman a mayar da kuɗi idan an cire ba bisa ƙa'ida ba, ko an biya kaya ba su zo ba, su ma kowane kamfani da nasa wa'adi da nasa sharuɗɗa.

Wannan batu na ƙetare ba baƙo ba ne ga mai asusu a Najeriya. A 2022, da ƙarancin dala ya tsananta, bankuna da dama sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka dakatar da shi ɗungurungum, sai a tsakiyar 2025 aka fara dawo da shi. A tsawon wannan lokaci tambarin Visa ko Mastercard da ke jikin katin naira kusan ado ya zama, ga shi kuma bankuna da dala suke biyan waɗannan kamfanoni wasu kuɗaɗen aiki. Wannan ya ƙara wa Verve kasuwa, katin da kamfanin Interswitch na Legas ya fito da shi a 2009, wanda kamfanoni irin su OPay da Moniepoint suka raba wa ɗimbin jama'a. A Janairun 2023 Babban Bankin Najeriya tare da NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankunan ƙasar, suka ƙaddamar da AfriGo, katin ƙasa, da manufar rage dalar da ke fita. A Nijar da sauran ƙasashe masu amfani da sefa a yammacin Afirka akwai GIM-UEMOA, a Ghana akwai gh-link, a Indiya RuPay. Wani abin lura shi ne katin Verve Global, wanda aka fito da shi a 2019, a kan hanyar Discover yake tafiya in ya fita waje, wato hanyar nan da Capital One ya saya.

Ga mai sayen shinkafa a Dawanau ko atamfa a Kantin Kwari, katin gida ya wadatar, kuma hujjar ƙasashen da ke gina nasu tana da ƙarfi. Rasha ta ga amfanin haka a Maris ɗin 2022 lokacin da Visa da Mastercard suka dakatar da aiki a ƙasar: katunan sun ci gaba da aiki a cikin gida domin tun 2015 aka mayar da sarrafa cinikin cikin gida hannun kamfanin ƙasa, amma a waje suka mutu murus. Sai dai ɗalibin da zai biya kuɗin jarrabawa a intanet, da ɗan kasuwar da ke sayo kaya daga Dubai ko Guangzhou, da maniyyacin da zai buƙaci cirar riyal a Makka, su bukatarsu daban ce. Ya wajaba su dubi tambarin tun a gaban ma'aikacin banki, su tambaya ko katin yana aiki a waje, domin ba kowane ma'aikaci ne zai yi wannan bayani ba in ba a tambaye shi ba.

Lokacin sauyin kati kuma kaka ce ga 'yan damfara. Sun san mutane na jiran saƙo daga banki, don haka sai su kira da murya mai ladabi: “Ranka ya daɗe, daga bankinka ne, katinka zai daina aiki gobe, karanto mana lambar da ke jiki mu sabunta maka.” Sai su nemi lambobi ukun baya, sannan lambar da aka turo ta waya. Bankin da ya buga katin ba ya bukatar kowa ya karanto masa lambarsa, kuma ba ya tambayar lambar sirri ta waya ko ta saƙo. Sabon kati a reshen banki ake karɓarsa, ko ta hanyar da bankin ya sanar a manhajarsa. Tsohon kuma kada a jefar da shi sai an gwada sabon ya yi aiki, sannan a sa almakashi a yanka shi ta kan ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinare.