Ko Ka Sani? Malam Buɗe Littafi na Lemo da na Gwandar Daji

Ko ka san cewa babban malam buɗe littafin nan baƙi mai ɗigo-ɗigon rawaya, da ke yawo a lambunan Roni da Kazaure, yana da ɗan'uwa a daji? Dukansu 'yan dangi ɗaya ne mai nau'i sama da 550 a duniya. An san dangin da ɗan wutsiya a fiffiken baya, amma waɗannan biyun babu mai ita.

Na lambu shi masana suke kira Papilio demodocus, sunan da ya samu a 1798. Shi ne babba, kuma yana da tabo kamar ido a fiffiken baya, ja da shuɗi. Macen tana bin bishiyar lemo, tana ajiye ƙwai ɗaya-ɗaya a kan sabon ganye. Abin da ya fi burge ni shi ne tsutsarsa. Tana ƙarama takan zama baƙa da fari, sak kashin tsuntsu, sai tsuntsun da zai cinye ta ya wuce bai kula ba. In ta girma sai ta rikiɗe koriya, ta saje da ganye. Ka taɓa ta kuwa, nan take za ta fito da wani abu mai reshe biyu daga bayan kanta, mai wari, don ta kori maƙiyi.

Na daji, Graphium angolanus, ya fi ƙanƙanta. Fari ne mai baƙin gefe, ƙarƙashin fiffikensa da ja-ja kusa da jiki, ga saurin tashi. Ba ruwansa da lemo. Tsutsarsa ganyen gwandar daji take ci. Da damina akan ga mazan sun taru a kan danshin ƙasa suna tsotsar gishiri.

Ashe bishiya ce ta raba su. Duk inda aka ƙara dasa lemo, na farko ya samu gida, shi kuwa na biyu kowace gwandar daji da aka tumɓuke wajen sharar gona ta rage masa abinci.

Gaskiya tsutsar lemo tana iya tsige ƙaramin dashe tas, amma babbar bishiya ba ta cika jin jiki ba. Mai lambu, ka tsince ta da hannu daga kan dashe kafin ka ɗauko maganin feshi, kuma in kana sharar gona ka bar gwandar daji ko da a kan iyaka.