Ranar da Masallacin Birni Ya Kwanta

Daga Sukukutane zuwa Damagaram tafiyar yini ce cur. Sai ka sauka Dogon Dutsi, ka hau kwalta, ka wuce Birnin Konni da Maraɗi da Tasawa, kafin manyan duwatsun garin su bayyana. Da rani na yi wannan tafiya, kuma tsohon gari ne ya kai ni: unguwar Birni, fadar Sarkin Damagaram, da masallacin ƙasa da aka gina a tsakiyar ƙarni na 19.

Sanyin cikinsa ne ban manta ba. A waje rana na dukan ƙeya, amma da na tuɓe takalmi na shiga sai na ji kamar an sa ni cikin randa. Na dafa bango, na ji kaushin ciyawar da aka kwaɓa ƙasar da ita. Mutanen da suka cuɗa wannan ƙasa da ƙafafunsu sun daɗe da kwanta dama, amma a lokacin aikinsu na nan yana ba baƙo inuwa.

Ranar Talata 3 ga Satumba 2024 masallacin ya rushe. Daminar 2024 ba irin wadda muka saba ba ce. A faɗin Nijar ambaliya ta kashe mutum sama da 300, ta shafi fiye da miliyan ɗaya. Tun kafin ranar an ga tsaga a jikin ginin, sai dai ruwa bai ba da sararin gyara ba. A waya na kalli faɗuwarsa, mu da yawa mun sunkuya kan allo ɗaya. Bango ya saki, wani ya bi shi, ƙura ta tashi. Ban da salati babu abin da ya fito daga bakin kowa.

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san inda ciwon yake. Indararo ya toshe, ruwa ya kwanta bisa soro, azara ta jiƙa. Wanda ya fi wannan muni shi ne ruwan da ke kwanciya a gindin bango, yana cinsa a ɓoye har tubali ya koma taɓo.

Wannan ciwo na gindi shi ke damun Benis, birnin Italiya da aka kafa bisa tsibirai 118, inda magudanan ruwa suke matsayin tituna, kwalekwale kuma shi ne mota. Dandalin San Marko, inda baƙi suka fi cika, yana cikin wurare mafi ƙasa a birnin. Idan teku ya cika sai a busa jiniya, a jera katakai masu ƙafa, masu yawon buɗe ido su bi ta kai a layi zuwa tsohuwar majami'ar da ke dandalin. Daren 12 ga Nuwamba 2019 ruwan ya kai santimita 187, abin da ba a gani ba tun 1966 da ya kai 194. Ya shiga majami'ar, kuma ruwan gishiri ne: ko ya janye, gishirin na nan cikin bulo da marmara yana farfasa su.

Su mutanen Benis sun yi wa teku ƙyaure. Tun 2003 suka fara aikin da suke kira MOSE, ƙofofin ƙarfe 78 da ke kwance a ƙarƙashin ruwa a mashigai uku. Idan hatsari ya taso sai a hura musu iska su miƙe. Aikin ya ci biliyoyin kuɗin Turai, ya sha jinkiri da badaƙalar cin hanci, amma ranar 3 ga Oktoba 2020 aka ɗaga ƙofofin gaban babban ruwa, mutane suka taka dandalin da takalmansu a bushe.

Masallacin Birni bai nemi ko kusa da haka ba, kuma wannan ne ke ci mini rai. Ƙasa yake so, da ramno, da magina, da magudanar da za ta janye ruwa daga gindinsa, a yi tun da rani kafin hadarin farko.

Da kaka ta yi, bayan mun ɗaure hatsi, na zagaya bayan gidanmu a Sukukutane. Katangar gabas, wadda ruwa ya fi duka, ta zaizaye daga ƙasa har hannuna na shiga. Washegari muka kwaɓa ƙasa.