"Mange-mille": Yadda Zambo Ke Tona Asirin Cin Hanci A Kamaru



Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Garwa zuwa Ngawundere ya san shingayen da ke kan hanya. Mutanen Kamaru sun raɗa wa jami'in da ke karɓar na goro a shinge suna da Faransanci, "mange-mille", wato maci-jaka, domin jaka guda ta sefa ita ce kuɗin da aka saba miƙawa. Wannan suna kaɗai zambo ne cikakke, kuma babu wanda za a kama a ce shi ya ƙirƙiro shi.

Marigayi Jean-Miché Kankan, ɗan wasan barkwancin da ya rasu a 1997, ya yi fice da irin wannan. Yakan fito a matsayin talaka mai tsummokara, jami'i ya tare shi yana neman katin shaida, su yi ta ja-in-ja. Jama'a na dariya ne saboda kowa ya taɓa tsayawa inda ya tsaya.

Abin da zambon ke nunawa ya wuce jakar da aka karɓa. Ana tsare ɗan acaɓa awa guda a rana saboda takarda ɗaya, mai babbar mota kuwa ko gilashi bai saukar ba, an sara masa ya wuce. Annabi (SAW) ya yi gargaɗi a kan wannan tun lokacin da aka nemi ceton matar Banu Makhzum da ta yi sata. Ya bayyana cewa abin da ya halaka al'ummomin baya shi ne ƙyale mai daraja idan ya yi sata, da hukunta mai rauni. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim.

Ɗalibai kan tambaya ko zambo ba gulma ba ne. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta damar bayyana abin da aka yi masa. Sukar ɗabi'ar da kowa ke gani daban take da ƙaga wa wani mutum ƙarya ko yi masa ba'a da halittarsa. Kuma ba kowane ɗan sanda ke karɓa ba. Yi musu kuɗin goro zalunci ne shi ma. Mai miƙawa don ya tsallake laifinsa kuwa, tsinuwar da ta zo a hadisi ta haɗa da shi.

Sana'ar tana da haɗari idan ta taɓa manya. Mawaƙi Lapiro de Mbanga ya yi waƙar shaguɓe kan gyaran tsarin mulki a 2008, aka tuhume shi da ingiza tarzoma, bai fito daga kurkuku ba sai 2011.