Duhu Ya Shigo Ana Tsaka Da Wasa: Wa Ke Da Ikon Tsayarwa?

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba.

Yau ƙwallo za mu taɓa, amma tamu ta gida, ta filin firamare, wadda ake takewa bayan la'asar.

Bara da hunturu na je kallon wasan kusa da na ƙarshe a garinmu Kademi. An ce ƙarfe huɗu za a take, amma sai biyar saura kwata aka fara, saboda gardama kan wani ɗan wasa da aka ce hayarsa aka ɗauko. Ana ɗaya da nema, saura kamar minti goma sha biyu, an riga an kira magariba, ga hazo ya sauko. Sai gola ɗaya ya ɗaga hannu, wai shi fa ba ya ganin ƙwallo. Masu ci suna ihu "alƙali tashi wasa!", waɗanda ake ci suna rantsuwa su dai suna gani tar. Alƙali ya busa usur. Wallahi sai da dattawa suka sa shi a tsakiya suka raka shi har wurin babur ɗinsa. Unguwanni biyu suka yi makonni ana hararar juna.

To wai wa ke da gaskiya? Mu fara da doka.

Dokokin ƙwallon ƙafa guda 17 ne, hukumar IFAB ke tsara su, kuma da su FIFA da NFF ke aiki. Doka ta 5 ta ba alƙalin wasa ikon dakatar da wasa ko tashinsa gaba ɗaya, har ma ta kawo rashin isasshen hasken fitilu a matsayin misali. Wato ba kyaftin ba, ba koci ba, ba wanda ya sa kofi ba. Alƙali kaɗai. Doka ta 7 kuma ta ce wasan da aka tashi bai ƙare ba sake buga shi ake yi, sai fa idan ƙa'idar gasar ko masu shirya ta sun tsara wani abu dabam.

Ku riƙe wannan "sai fa idan" ɗin, don nan rigimarmu take. Galibin gasanninmu na ƙauye ba su da rubutacciyar ƙa'ida a kan haka. Idan ana zaton sakamako zai tsaya yadda yake, mai ci ne zai ce duhu ya yi. Idan ana zaton sakewa za a yi daga farko, wanda ake ci ne zai fara cewa ba ya gani. Ka ga kenan idon kowa allon ci yake bi. Shi ya sa ba a tambayar 'yan wasa.

Na biyu, duhunmu sauri gare shi. Jihar Kano tana kusa da tsakiyar duniya, don haka rana tana faɗuwa, minti ashirin da 'yan kai ne ya rage na hasken kirki. A Turai da bazara hasken yamma yakan daɗe sosai, mu ba mu da wannan rarar. Kuma lokacin faɗuwar ranar yana canzawa: a watan Nuwamba wajen ƙarfe shida ne, a Yuli kuwa sai bakwai saura 'yan mintuna. Kusan awa guda ke nan tsakani. Ƙara da hazon hunturu, wanda ke dushe rana tun kafin ta faɗi.

Yanzu yi lissafi da kanka. Minti 90 na wasa, 15 na hutun rabin lokaci, da ƙarin lokaci: ka doshi awa biyu. In an yi canjaras aka je bugun fenariti, ƙara wani kwata. Wasan da aka take biyar saura kwata a Disamba, tun kafin a taɓa ƙwallo an san ba zai ƙare da haske ba. Ko gasar firimiyar Najeriya, inda su Kano Pillars ke bugawa, galibin wasanninta ƙarfe huɗu ake take su.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ke wannan rikici. A Amurka, a shekarar 1922, a gasar ƙarshe ta besbol, wasan da ake dukan ƙwallo da sanda, ƙungiyoyin Giants da Yankees na birnin New York suna uku da uku alƙalai suka tashi wasa wai duhu ya yi, alhali rana ba ta faɗi ba. 'Yan kallo suka fusata, suna zargin dabara ce ta a ƙara wasa a ƙara karɓar kuɗin ƙofa. Sai da shugaban wasan na ƙasa, Landis, ya ba da umarnin a sadaukar da kuɗin ƙofar ranar duka.

A 2007 kuma akasin haka aka yi. A wasan ƙarshe na kofin duniya na kurket a Barbados, tsakanin Ostireliya da Sri Lanka, alƙalai sun rikice kan ƙa'ida, aka ƙarasa wasa cikin duhun da 'yan kallo da kyar suke ganin ƙwallo. Hukumar kurket ta duniya ta dakatar da jami'an wasan su biyar daga gasa ta gaba. Wancan ya yi gaggawa ya sha zagi, waɗannan sun yi jinkiri sun sha hukunci.

Waɗannan wasanni na sanda sun daɗe da koyon darasi, kuma akwai abin ɗauka a wurinsu. A kurket akwai na'urar auna haske. Da zarar alƙalai sun tsayar da wasa sau ɗaya, awon da na'urar ta nuna shi ne ma'auni har ƙarshen wasan, ko wa ke kan gaba. A sofbol, ƙanwar besbol, zagaye bakwai ake yi, kuma ƙa'ida ta ce idan an kammala biyar sannan duhu ko ruwa ya sa alƙali ya tashi wasa, sakamakon ya zauna. Kowa ya san haka tun daga gida.

Mu ba mu da na'ura, to da me alƙalinmu zai auna? Ya tsaya a tsakiyar fili. Yana iya ganin tutar mataimakinsa? Yana iya bambance riguna a ɗaya gefen? Idan an ɗaga ƙwallo sama, yana iya bin ta da ido har ta sauko? In ɗaya daga ciki ya gagara, an gama. Ɗan kallo yana tsaye wuri ɗaya, idonsa ya saba da duhun a hankali, shi ya sa zai ce maka akwai haske. Gola kuwa ƙwallo ce ke taho masa da gudu. Ga ramuka da tsakuwa a filayenmu, ga wasu ba su da abin kare ƙwauri. Ƙafar yaro ɗaya ta fi kofin nan daraja. Kuma don Allah a daina jera babura ana haska fili da fitilunsu, kashe ido kawai suke yi.

Ga abin da nake roƙon masu shirya gasa a Kademi, Gaya, Ajingi da kewaye su rubuta a takarda, kyaftin-kyaftin su sa hannu kafin wasan farko:

1. Lokacin takewa, da hukuncin ƙungiyar da ta makara.

2. In an makara, a rage tsawon wasa tun kafin a fara, misali minti 35 kowane rabi. Doka ta 7 ta yarda da haka idan ƙa'idar gasar ta tanada kuma an amince kafin takewa.

3. Abin da za a yi idan duhu ya tashi wasa: a ƙarasa ragowar mintuna washegari da cin da ake da shi, ko sakamako ya zauna in an wuce wani minti da aka ƙayyade. Ko wanne aka zaɓa, a rubuta.

4. Alƙali ya kira kyaftin biyu tun haske na raguwa ya gargaɗe su, kuma ya busa lokacin da ƙwallo ta fita, ba ana tsaka da kai hari ba.

5. Wanda ya taɓa alƙali, ƙungiyarsa ta fita daga gasar.

Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Alƙalin nan ɗan uwanmu ne, sau da yawa kuɗin mai kawai ake ba shi. Kada mu bar shi ya yanke shi kaɗai cikin minti ɗaya, ɗaruruwan mutane na ihu a kansa, abin da ya kamata kwamiti ya yanke tun sati guda baya. Sannan in an tsara lokaci da kyau, kowa zai samu magariba a jam'i.

Ku fa, ya ake yi a garinku idan duhu ya riski wasa? Ku faɗa mana, kuma ku tura wa duk wanda kuka san yana shirya gasa bana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.