«Malaika»: waƙar saurayin da kuɗin aure ya gagara

Cikin waƙoƙin soyayya da nahiyar Afirka ta haifa, kaɗan ne suka yi tafiya mai nisa kamar «Malaika». Da harshen Suwahili aka tsara ta, amma Bahaushe ba ya bukatar tafinta wajen gane sunan, domin kalmar mala'ika ce da harsunan biyu suka aro daga Larabci.

Zancen waƙar gajere ne. Saurayi na son budurwa, ya yi niyyar aurenta, sai rashin dukiya ya ɗaure masa hannu. Bai zarge ta ba, bai zagi iyayenta ba. Talaucinsa kawai ya bayyana, cikin tattausar murya da kiɗan jita marar gaggawa. Wannan kunya da wannan haƙuri su ne ƙarfin waƙar.

Wa ya tsara ta? Nan masana suka rabu. Fadhili William, mawaƙin Kenya da ya rasu a 2001, ya ɗauke ta a faifai a farkon shekarun 1960, kuma sunansa aka fi dangantawa da ita. Shi kuwa Adam Salim, ɗan Tanzaniya, ya ce shi ya tsara ta a 1945, bayan an aurar da masoyiyarsa ga wani attajiri. Miriam Makeba da Harry Belafonte suka kai ta kunnen duniya a 1965, ƙungiyar Boney M ta sake rera ta a 1981.

Saurayin Safo, cikin yankin Madarunfa, ya san wannan ciwo ko bai taɓa jin waƙar ba. Shi ne ke jiran kaka ya sayar da gero da wake, ko ya tafi cin rani Katsina da Kano, don haɗa sadaki da kayan akwati. Bayan karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994, tsadar atamfa ta ƙara nisanta shi da ɗaurin aure. Wani kan dawo ya tarar an riga an raba goro.

Ƴan kasuwa da ma'aikata, iyayen ƴan mata, su saurari «Malaika» da kunnen basira. Albarkar aure tana cikin sauƙinsa, kuma mai haƙuri ma yana da iyakar jira.