Tsadar Fetur Ta Ɗaga Darajar Ƙaramin Inji A Jimeta

YOLA — Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lissafin masu motoci a Yola da Jimeta ya canza. Litar da ake sha a ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kana ta zarce 1,000 a shekarar 2024. Da yake tankoki ne ke yo dakon man daga kudancin ƙasar nan, Jihar Adamawa kan saye shi da tsada fiye da Legas.

Saboda haka mai neman mota a yau yakan leƙa inji tun kafin ya dubi fenti. Yawan silinda kaɗai ba ya nuna shan mai. Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, silinda huɗu gare ta, haka ma Toyota Starlet. Bambancin yana ga faɗin cikin silindodin: na 504 ya kusan lita 2, na Starlet kuwa akasari lita 1.0 ne ko 1.3, ga jiki mara nauyi. Ga direban da ke lodi a tashar Jambutu, wannan tazara ita ce tsakanin komawa gida da cefane da komawa hannu rabbana.

Sai dai ƙaramin inji ba jaki ba ne. Idan aka labta masa fasinjoji da buhunan masara a zafin watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40, lagireto zai tafasa, man da aka yi tattali kuma ya tafi aljihun bakanike. A nan ne kasuwar masu sayar da fulogi, fistan da injunan gwanjo take.

Babbar matsalar ita ce tsufa. Kamfanin Toyota ya daina ƙera tsohuwar Starlet a 1999, watau mafi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara 25 a kan titi. An farfaɗo da sunan a 2020 domin kasuwar Afirka, da inji mai lita 1.4 na kamfanin Suzuki, amma faɗuwar darajar Naira tun daga Yunin 2023 ta sa sabuwar ta fi ƙarfin ɗan tasi.